Furen ƙarya mai aure da na dasa a ƙasa: gindin ya yi laushi, ƙishi ne ko ruɓa?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum masu lambu. Don Allah a taimaka mini da shawara kafin in yi asarar shukar da na fi so a duk farfajiyar gidana.

Wata 9 ke nan da ƙanwar maigidana ta kawo mini itaciyar furen nan da ake kira ƙarya, a 'yar takardar da ke rataye da ita an rubuta Adenium. Ba irin wadda ido ya saba da ita ba ce, mai fure ruwan hoda da kunne biyar. Wannan furenta ninki-ninki ne kamar na wardi, ja wur a tsakiya, bakinsa da ratsin fari. Wanda ya sayar mata ya ce mai aure ce, tana jure fari, ko an manta da ita wata guda ba abin da zai same ta. Ni kuwa abin da nake nema ke nan, don tsakanin aiki da yara ba kullum nake tuna shuka ba.

Wata biyar ta yi a cikin robar da ta zo da ita, ta yi fure har sau biyu. Sai na ga gindin ya kumbura yana neman tsaga robar, tausayinta ya kama ni, na ce bari in sake ta a ƙasa ta wala. Na haƙa rami zuwa gwiwa a jikin katanga. Ƙasar wurin laka ce, don haka na cika ramin da yashi da takin dabbobi, na binne kumburarren gindin duka don kada rana ta ƙona shi. Tun daga ranar, duk yamma in ana ba sauran furanni ruwa ita ma ana zuba mata. Ga shi kuma an fara ruwan sama, kuma sai daga baya na lura indararon ɗaki kusa da ita yake zuba.

Yanzu ganyen ƙasa suna yin rawaya suna zuba, ƙullin furen ma yana faɗuwa tun bai buɗe ba. Jiya na tone ƙasar kaɗan na danna gindin da yatsa, gefe ɗaya ya lotsa. Maƙwabciyata ta ce ƙishi ne in ƙara ruwa. Hankalina bai kwanta da maganar ba.

Akwai kuma wani reshe da ya fito daga can ƙasa, ƙarƙashin wani tabo da ya zagaye jikinta. Ya fi duk sauran ƙarfi, amma da ya yi fure sai ga ruwan hoda mai kunne biyar. An cuce mu ne? Sannan ina so in samu irinta in yawaita, amma ko sau ɗaya ba ta yi 'ya'ya ba. Na ga ana tallar iri mai shuɗin fure a intanet, ko in saya?

Tsohon Mai Lambu:

Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye bokitin ban ruwan nan tukuna, ki ɗauko abin tono. Maganar reshe da ta iri za su iya jira, ta gindin nan ba za ta jira mako guda ba.

Laushin gindin ƙarya iri biyu ne, kuma maganin ɗaya shi ne ajalin ɗayan. In ƙishi ne, duk jikin ne yake sakewa baki ɗaya, fatar ta yi tamoji, in kin danna ya ɗan shiga ya dawo, babu wari, babu canjin launi. Wannan ruwa ɗaya ya ishe shi, kwana biyu zuwa uku ki ga ya cika ya yi tauri. In ruɓa ce, daga wuri guda take farawa, yawanci ƙarƙashin ƙasa. Wurin ya yi duhu, yatsa ya nutse bai dawo ba, wani lokaci har da ruwa-ruwa da tsami. Ke kin ce gefe ɗaya, a ƙasar laka, ana zuba ruwa kullum, ga indararo. Ko ban gani ba na san ba ƙishi ba ne. Maƙwabciyarki ta yi nufin alheri, amma in kin bi ta tata, sai dai ki share wurin ki dasa wani abu.

Ki fara tono daga nesa, kamar santimita 30 daga gindin, ki ɗago ta da saiwarta. Ki wanke ƙasar tas don ki ga abin da ake ciki. Sai ki samu wuƙa mai kaifi, ki goge ta da sifirit, ki dinga yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗan-kaɗan, kina sake goge wuƙar bayan kowane yanka. Kada ki tsaya sai kin ga tsokar ta fito fara sol, babu ko ɗigon ruwan ƙasa a ciki. A nan mutane suke kuskure, tausayi ya hana su zurfafa wuƙa, su bar ɗan zare guda mai duhu, bayan sati biyu ya cinye sauran. Saiwar da ta yi baƙi ko ta yi lagwaɓ-lagwaɓ duk ki cire. Ki barbaɗa garin farar wuta ko hodar maganin funfuna a kan yankan, ki ajiye ta a inuwa mai iska, ba cikin ƙasa ba, kwana 10 zuwa 14, har yankan ya bushe ya yi ɓawo. Kada ki ji tsoron za ta mutu a sarari. Wannan tumbin nata randar ruwanta ce. Na taɓa mantawa da wata a kan benci sati uku, da na tuna na je na tarar ta fara tsirar da ganye.

Amma ki sa safar hannu, kuma 'yan biyun nan su yi nisa. Ruwan jikin ƙarya dafi ne mai taɓa bugun zuciya. Danginsu ɗaya da oliyanda, wata itaciyar fure mai dafi, kuma mafarauta a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi a bakin kibiya. Kada ki taɓa ido kafin ki wanke hannu da sabulu, guntayen da kika yanke kuma ki ƙulle su ki zubar inda yaro ko dabba ba za su kai ba.

Yanzu ga abin da ya faru, don kada a maimaita. Asalin wannan itaciya daga Senegal ta bi yankin Sahel har Sudan da gabashin Afirka, ta tsallaka zuwa yankin Larabawa. Sunan Adenium ma daga Aden ta ƙasar Yaman aka ciro shi, tun 1819. A can a kan duwatsu da jigawa take fitowa, inda ruwa ke sauka ya wuce kafin awa ɗaya. Saiwarta tana son ta sha, ta kuma shaƙi iska. Ramin da kika haƙa a laka kika cika da yashi kuwa kwatarniya kika gina mata. Ruwa yana ratsa yashin da sauri, ya tarar da laka ta kowane gefe, ya kwanta. Takin dabbobi ya ƙara riƙe damshi, ga gindin a binne. Ko ni aka yi wa haka sai na ruɓe.

In dai a ƙasa kike son ta, sama za ki ɗaga ta, ba ƙasa za ki nutsa ta ba. Ki tara tudu mai tsayin santimita 30 ko fiye, nesa da indararo, inda rana ke duka aƙalla awa 6. Ni haɗina kashi biyu ƙananan tsakuwa da yashi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, sai ɗan dakakken gawayi. Yashi mai laushi kamar gari ba ya cikin lissafi, toshe ƙofofin iska yake yi. Saiwa kawai za ta shiga ƙasa, tumbin ya zauna a waje. Wurin da ya daɗe a binne yakan yi fari-fari, shi kam rana za ta iya ƙona shi, sai ki ɗan rufa masa ƙyalle na sati biyu har ya saba. Bayan dasawa kada ki ba ta ruwa sai ta kwana bakwai.

In za ki ji ta tawa, inda ruwan sama ke jerawa kwana da kwanaki gara a bar ta a kasko mai faɗi da manyan huji. In hadari ya ƙi ƙarewa sai ki ja ta ƙarƙashin rumfa. Wadda ke ƙasa ba ta da wannan gatan.

Batun reshe kuma, ba a cuce ku ba. Aure biyu ne a jikin shukar nan, shi ya sa ake rikicewa. Na farko auren fure ne: a ɗauki garin furen wata a sa wa wata, a shuka 'ya'yan da yawa, a zaɓi guda da ta fi kyau. Haka wani masanin shuke-shuke, Mark Dimmitt na Arizona a Amurka, ya haɗa nau'in ƙarya biyu, *obesum* da *swazicum* ta ƙasar Eswatini, ya fitar da wadda ake kira Crimson Star, masu lambun Tailan da Taiwan kuma suka yi ta fitar da masu launi kala-kala, har aka kai ga masu ninki irin taki. Na biyu auren wuƙa ne, kamar yadda ake yi wa itatuwan lambu: a yanko reshen wannan zaɓaɓɓiyar a ɗora a kan gindin gama-gari da aka tayar daga iri. Tabon da kika gani nan ne mahaɗar. Duk abin da ya fito sama da tabon mai ninki ne, duk abin da ya fito ƙasa da shi na uwar gindin ne. Shi ya fi kusa da saiwa, shi ya fi samun abinci, in kin bar shi zai danne na saman har ya ƙanjame. Ki yanke shi daidai jikin itacen, duk sanda wani ya sake leƙowa ki murje shi tun yana ƙarami.

Ɗan Koyo:

Anti sannu, Allah ya tashi kafaɗarta. Ni dai abin da ya ba ni dariya batun 'ya'yan ne, ai tun da can an ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya! Tawa shekara uku tana fure ban taɓa ganin komai ba. In za ki mayar da ita kasko ki fara jera manyan duwatsu a ƙasan kaskon, ni haka nake yi don ruwa ya dinga wucewa.

Hajiya Mai Kasko:

Ƙanwata, duk abin da Baba ya faɗa kan tono da yanka ki bi shi yau, kada ki kai gobe. Inda zan ɗan ja da shi, ko in ce inda zan ƙara, shi ne kada ki fito daga wannan da tsoron ruwa. Na ga mutane da yawa bayan ta ruɓe musu sau ɗaya sun koma ba ta cokali biyu a wata, suna cewa ai ta hamada ce. Ba za ta mutu ba kam, amma za ta zauna kamar gunki, ganye huɗu a kan kowane reshe, fure sai an yi sa'a. Jure fari daban, son fari daban.

Ina da guda 14 a kasko. In ana tsananin zafi kuma suna cike da ganye, duk kwana biyu ko uku nake ba su, kuma ba yayyafi ba, sai na ga ruwa ya fita ta hujin ƙasa. Abin da ya sa ba sa ruɓa shi ne ƙasar ba ta riƙe shi. Ba na ƙirga kwana ma a gaskiya, tsinke nake cusawa har ƙasan kaskon, in ya fito da danshi in wuce, in ya fito a bushe in zuba. Ganye ne ke shan ruwan. Don haka in sanyi ya shigo ta zubar da ganye ta yi barci, hannuna ma ya yi barci, sai dai in na ga tumbin ya fara tamoji. Haɗuwar sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ce ta fi kashe su. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai a daina ba ta ruwa, inda ake ƙanƙara kuwa ba ta kwana a waje sam, sai a shigar da ita ɗaki.

Taki kuma na zamani mai narkewa a ruwa nake sa musu, rabin abin da aka rubuta a jikin leda, duk sati biyu, lokacin da suke girma kawai. Wanda naitirojin ya yi masa yawa sai ya ba ki dogayen rassa sirara masu langaɓewa. Taki kam kada ki kusance ta da shi yanzu, sai ta yi sabon ganye.

Kai kuma Ɗan Koyo, kwashe duwatsun nan. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin manyan duwatsu, sai ƙasar ta jiƙe sharkaf tukuna. Abin da ka yi kawai shi ne ka rage zurfin kaskon, ka matso da wurin da ruwa ke kwanciya kusa da saiwa. Gauraya tsakuwar da ƙasar daga sama har ƙasa, a kan hujin kuma ɗan guntun raga ya isa.

Ki duba bayan ganyen ma tunda kin ce ƙullin fure na faɗuwa. Darɓa mai launin rawaya tana son taruwa a kan sababbin tsiro, akwai kuma wani farin ƙwaro kamar ɓurɓushin auduga da ke ɓuya a hammatar ganye. Ni auduga nake jiƙawa da sifirit in goge su. Amma a naki yanayin na fi zargin saiwar.

Tsohon Mai Lambu:

Hajiya ta yi gaskiya, na tsaya kan gobarar da ke ci ne ban kai ga sauran ba.

Ɗana, karin maganar nan ta samu gurbi, amma itaciyar tana 'ya'ya. Abu biyu ke hana a gani. Ɓangaren macen furen a ɓoye yake can cikin maƙogwaron, ƙarƙashin wani ɗan murfi da ɓangaren namijin ya yi masa, ba kowane ƙwaro ke iya kai gari wurin ba. Sannan yawancinsu ba sa karɓar garin kansu, sai na wata itaciyar daban. To in duk ƙaryar da ke wuri ɗaya daga reshen uwa guda aka yanko su, itaciya ɗaya ce a wurare da yawa, sai su yi ta fure shekara da shekaru ba ɗa. Ni ina zaton daga nan sunan ya samo asali.

Mai son iri sai ya samu biyu da ba uwa ɗaya ba, ya tsaga gefen furen, ya ɗebo gari da ɗan siririn buroshi ya shafa a ƙarƙashin kan macen ɗayar. In ya kama, za a ga kwafsa biyu sun fito kamar ƙahon sa. Wata biyu zuwa uku suke ɗauka kafin su nuna, kuma a ɗaure su da zare tun kafin su tsage, don kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, iska ɗaya ta kwashe su. Sabon iri a cikin ɗumi yakan tsiro cikin mako guda. Wanda ya daɗe a ajiye kuwa yawancinsa ba ya tashi.

Sai dai 'yata, ko kin samu iri daga shukarki ba lallai 'ya'yan su yi kama da ita ba. Da yawa za su koma ruwan hoda mai kunne biyar, wasu su fito da wani launi. Amfaninsu shi ne suna yin tumbi mai kyau, wanda dashen reshe ba ya yi sai bayan shekaru. Hanyar samun mai ninki sak ita ce ki tayar da 'ya'yan su kai kaurin babban yatsa, ki yanke kansu a kwance, ki ɗora guntun reshen taki mai ido ɗaya ko biyu, ki ɗaure, ki rufe da leda a inuwa kamar sati biyu. Shuɗi kuwa ki riƙe kuɗinki. Babu ƙarya mai shuɗin fure, da kwamfuta ake rina hotunan. Wadda ake ce wa baƙa ma ja ce da ta yi duhu sosai.

Maman 'Yan Biyu:

Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na tone ta da safe bayan yara sun tafi makaranta. Da na ɗago ta ruwa ne kwance a ƙasan ramin, ga wari. Manyan saiwoyi biyu sun tafi, na kuma rarake gefen gindin har ya yi kogo, ƙwallon yara ƙarami zai zauna a ciki. Sau huɗu ina cewa ya isa, in sake ganin ɗigon duhu in ci gaba. Yanzu dai fari ne tas. Reshen ruwan hodan ma na cire shi, ko da yake sai da na yi jim, don shi ya fi kowanne lafiya. Tana rataye a rumfar baya inda hannun yara ba ya kai.

Abin da ya rage: mahaɗar auren da tauri, ruɓar ba ta kai can ba, amma akwai ganye kusan 20 da ƙullin fure uku a sama. In bar su ko in cire?

Hajiya Mai Kasko:

Cire ƙullin furen duka, ganyen ki bar uku ko huɗu a kan kowane reshe. Ba ta da saiwar da za ta ciyar da su yanzu, daga tumbin za su yi ta zuƙa. Kogon kuma in kin zo dasawa ki juya shi ya zauna sama da ƙasa, yana ɗan kallon gangare, don kada ruwa ya taru a ciki. Kowace safiya ki danna bakin yankan da yatsa, in wani wuri ya sake yin laushi ki ƙara yankewa ki fara ƙirga kwanakin daga farko.